Gonakin Gwaggo Sun Yi wa Waya Nauyi

Gwaggo, yayar Babana, ita ta fara kirana mai waya, kuma ba tsokana take yi ba. Shekarar da na dawo gida daga Kano da takardar karatun kwamfuta, ba aiki ba labarinsa, wata ƙungiyar tallafa wa manoma ta ɗauke ni in riƙa yi mata rajistar mutanen karkararmu, can arewa da Tsanyawa. Suka ba ni waya mai faɗin fuska da riga mai tambari, aikin ke nan gaba ɗayansa. Amma a idon Gwaggo na zama wani abu. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na yi wayo, kuma 'ya'yanta maza babu wanda ya rayu, saboda haka in ta ce "ɗana" duk unguwar an san wanda take nufi.

A wajenmu ba a samun gona mai faɗi. Mutane sun yi wa ƙasa yawa, gado ya yayyanka ta, kowa da ɗan yankinsa nan da can. Na Gwaggo sun fi na kowa warwatsuwa. Akwai wadda ta gada wajen kakana a bayan maƙabarta, akwai 'yan yankunan da suka faɗo mata bayan rasuwar mijinta, akwai ta bakin fadama da ta saya da awakinta, sai kuma 'yar ta bayan gida. In aka haɗa su duka ba su kai gonar wani magidanci ɗaya ba. Gyaɗa take sa musu kusan duka, don da gyaɗa take rayuwa: ta yi mai, ta yi ƙuli-ƙuli, harawar kuma ta ci da awaki har rani ya wuce.

Da rani ƙungiya ta aiko mutane daga Kano, wai bana an ƙara tsari. Rubuta suna da unguwa kawai bai isa ba kuma, sai an ɗauki hoton fuska, da na katin shaida, da zanen babban yatsa, da hoton kowace gona. Mazan garin kowa ya nuna gona ɗaya ya yi shiru da sauran, wasu don ƙyuya, wasu don tsoron kada abin ya rikiɗe ya zama haraji. Gwaggo kuwa sai ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, ta sa baƙin nan a gaba cikin rana, ta zagaya da su gonakinta ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko ta bayan gida ba. A kowacce sai ta tsaya a tsakiya ta gyara mayafi. Ina biye da su ina jin kunya, ita tana cewa, "Aikin ɗana ne, ba zan ɓoye masa komai ba." Suka koma Kano da hotunan suka zuba su a babbar kwamfutarsu.

Bayan nan ne jikarta ta haihu. Haihuwar fari ce, kuma Gwaggo ba macen da za ta je suna hannu rabbana ba ce. Gyaɗar da ta rage mata a lokacin buhun iri ne kawai, wanda ke rataye a ɗaki sama da ƙasa saboda ɓera. A garinmu ba a taɓa iri. An sha kwana da yunwa buhun iri na rataye ana kallonsa. Nata kuwa asalinsa na kakata ne, kowace kaka ta ware masu kyau ta ajiye, haka yake zagayowa tun kafin a haife ni. Da hantsi na shiga na tarar an sauke buhun, mata sun zagaye tabarma suna ɓara. Baba ya shigo a bayana ya tsaya turus.

"Yaya, irin ne kika sauke?" in ji shi.

"Shi ne," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Irin bana yana hannun ɗana. Ba an ce ƙungiya za ta ba da mai saurin nuna ba? Wa za a ba kafin ni?"

Na ce, "Gwaggo, ki rage ko kwano biyu ne. Abin mutane ba a sakin jiki da shi."

Ta yi dariya ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. "Ji shi, wai abin mutane. Wayar a hannun wa take?"

Aka soya, aka matse mai, aka yi ƙuli-ƙuli cike da kwalla, aka kai gidan suna ana yaba ta.

Irin ƙungiya ya iso kafin ruwan shuka, wannan kam ba su makara ba. Aka jibge shi a wani tsohon shago a bakin hanya, aka ba wani dattijo riƙon mabuɗi, muna ce masa Malam mai sito. Tsarin rabon ba wuya. Manomi ya zo da lambarsa, in shigar a waya, waya ta tambayi babbar kwamfutar da ke Kano, bayanin mutum ya fito, in danna maɓallin bayarwa, sai wata lamba ta fito, Malam ya rubuta ya miƙa buhu. Bara da aka raba taki haka muka yi, kafin mutum ya gama gaisuwa bayaninsa ya fito, duk da sabis ɗin wajenmu sanda ɗaya ne, wani lokacin ma sai ka ɗaga hannu sama.

Ranar da aka fara rabo Gwaggo ce ta farko a layi, da atamfar nan. Na shigar da lambarta. Ɗan zoben nan na jira ya fara juyawa a fuskar waya, ya juya, ya juya, can sai ya tsaya ya ce an kasa. Na sake. Na fita na tsaya kan tudun bakin kwalbati na sake. Na ce, "Gwaggo, ɗan zauna a inuwa, sabis ne." Ta je gindin darbejiya ta zauna tana murmushi. Na gwada na bayanta. Shi ma ya daɗe, har na fid da rai, amma daga ƙarshe ya fito. Haka muka wuni, kowane mutum sai an yi ta jira kafin nasa ya buɗe, wani a gwaji na biyu, wani a na uku, amma dai yana buɗewa. Tsakanin kowane mutum biyu sai in sake gwada na Gwaggo. Har aka kira la'asar bai buɗe ba.

Tun a ranar na gane abin da ke faruwa, kuma ganewar ba ta amfane ni da komai ba. A babbar kwamfutar nan kowane manomi yana da layinsa, kowane layi yana da gurabe: gurbin suna, gurbin unguwa, gurbin lamba, gurbin yawan irin da zai samu. In waya za ta yi tambaya, wanda ya rubuta manhajar yana da zaɓi biyu. Ko ya ambaci guraben da yake so ɗaya-ɗaya, ko ya sa 'yar alamar tauraro guda, wadda ke nufin a kwaso duk abin da ke layin. Lokacin da aka horar da mu a Kano na leƙa kwamfutar wanda ya rubuta manhajar, na ga tauraron da idona, ban ma kula ba, don mu ma a makaranta shi muke sawa, ya fi saurin rubutawa. Bara tauraron ba ya cutar da kowa, guraben kaɗan ne kuma duk rubutu ne. Bana an ƙara guraben hotuna, tauraro kuwa ba ya tambaya. Kamar ka aiki mutum ya ɗauko maka allura a ɗaki ne, ya ce sai ya fito da gado da akwati tukuna. Mai gona ɗaya guraben hotunansa kusan duk fanko ne, yana samun ya kutsa ta sabis ɗinmu da ƙyar. Na Gwaggo a cike suke maƙil, kafin su gama isowa lokacin da aka ɗibar wa waya ya ƙare.

Ni kuwa abu huɗu kawai nake buƙata don in ba ta buhunta: suna, unguwa, lamba, da yawan iri. Fuskarta na san ta tun ban san tawa ba.

Na kira mai manhajar. Saurayi ne kusan sa'ana, mai fara'a, mun ci abinci tare lokacin horo. Na yi masa bayani dalla-dalla.

Ya ce, "Gaskiyarka, tauraro ne. Amma a nan ofis yana buɗewa nan take."

Na ce, "A ofis ɗinku. Zo ka tsaya a kan kwalbatinmu ka gani."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Sai ya gyara murya ya faɗa mini dalilinsa, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba. Wai da can ambaton guraben yake yi ɗaya-ɗaya. Sai shugabansu ya riƙa ƙaro gurbi duk bayan 'yan kwanaki, yau lambar waya, gobe sunan magaji, wata rana ya manta bai saka ɗaya a cikin tambayar ba, rahoto ya fita da giɓi, aka wanke shi tas a gaban baƙi. Tun daga ranar ya koma tauraro, duk abin da aka ƙara ya taho da kansa, ba ruwansa.

Na ce, "To yanzu cire shi a wannan tambayar kaɗai. Layi ɗaya ne. Kafin shayinka ya huce ka gama."

"Ko ni na sani," in ji shi. "A rumbun gwaji zan iya yi yanzu. Amma wanda kuke aiki da shi na gaske ne, ana tsakiyar rabo a garuruwa da yawa. Dokar ita ce ba a taɓa shi lokacin rabo sai da sa hannun Alhaji, shugabanmu. In na taɓa wani abu ya karye a wani garin, kai za ka ciyar da iyalina?"

"To a gaya wa Alhajin."

"Alhaji yana Makka. Sai bayan Sallah."

Na tsaya riƙe da waya ina kallon Gwaggo a gindin darbejiya, tana ɓare wa wata jikar maƙwabta goruba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa masa maganganun da ba su dace ba, ya haƙura da ni, ya ce zai tura saƙo. Ya tura kuwa, na yarda ya tura. Mutumin da ke tsakiyar aikin Hajji ba tauraron kwamfuta ne a gabansa ba.

Ruwan shuka ya sauka, mai kyau, irin wanda ake jiƙa har ƙasan kunya. Gari ya watse gona. Gwaggo ta riga ta sa an yi mata huɗa da shanu a duk yankunanta, kunyoyi sun miƙe suna jira. Kullum da safe sai ta zo shagon, ta gaida Malam, ta zauna a inuwarta, in yi ta gwadawa. Na koma wajen Malam mai sito na roƙe shi.

"Malam, ga buhunta can, da ni da kai mun san nata ne. Ka ba ta, in lambar ta fito ma cike."

Ya girgiza kai. "Ɗana, amana aka ba ni. An rantsar da ni ba zan fitar da ko ƙwaya ba sai da lamba. Yau in na ba gwaggonka, gobe mai unguwa zai zo da tasa gwaggon. Ka yi haƙuri, ka ƙara gwadawa."

Ban iya jin haushinsa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Duk wanda na je wajensa yana da gaskiyarsa.

Ranar kasuwar Tsanyawa na yi dabara. Na hau bas na tafi, don can sabis ya fi ƙarfi. A bakin tasha na shigar da lambarta, zoben ya ɗan juya, sai ga ta. Ga Gwaggo a bayan maƙabarta, ga ta a bakin fadama hannu a ƙugu, ga ta a bayan gida akuya ta leƙo ta gefenta, ga katinta, ga zanen yatsanta. Duk abin da ba na buƙata ya zo lafiya lau. Na kai yatsa kan maɓallin bayarwa, ya ƙi dannuwa. An ɗaure shi da wurin shagon, don kada wani ya karkatar da kaya, ba ya aiki sai kana tsaye a sito. Na ce ba komai, zan koma da shi a buɗe. Na shiga bas na riƙe wayar nan da hannu biyu, ina ɗan taɓa fuskarta kada ta mutu, wata mata a gefena tana tambaya ko ba ni da lafiya ne. Na sauka na ruga shago, hoton Gwaggo na kan fuskar wayar har yanzu tana murmushi. Na danna. Sai manhajar ta ce bari ta sake tabbatarwa, ta koma Kano da tambayar nan dai, da tauraronta. Zoben ya fara juyawa. Na zauna a kan buhunan mutane na rufe fuska da hannu.

A kasuwar nan na auno gyaɗar iri, don na san dabarar tana iya ƙin ci. Da yamma na kai mata a ɗaki, na ce ga shi an samu. Ta zuba hannu ta ɗebo ta duba a hasken ƙofa. Irin ƙungiya an rina shi da jan magani, duk garin an gani a hannun maƙwabta. Wannan kuwa farar gyaɗar kasuwa ce.

"Wannan daga ina?"



"Mayar," in ji ta, a hankali. "In na fita da wannan gona, na gaya wa gari ke nan ɗana ya kasa. Matan da suka ɓare mini irina suna nan, sun ji abin da na faɗa. Zan jira nawa."

Na ce, "Gwaggo, lokaci yana wucewa. Ba ni ke da abin nan ba, riƙo kawai aka ba ni. Mai shi yana Kano, mai ba shi izini yana Makka."

Ta dube ni kamar yadda take dubana in ina ƙarami na ce ba ni na sha furar ba. "Kai dai ka ci gaba da dannawa," in ji ta.

Baba ma ya je ya yi mata magana, ta ce masa tun yana tsumma take goya shi, kada ya koya mata noma. Ya dawo ya zauna a zaure ya ce mini, "Ka san halinta." Na sani. Na ci gaba da dannawa. Gyaɗar mutane ta tsiro, aka yi noman firi. Kunyoyin Gwaggo ruwa ya fara zaizaye su, harƙiya da tafasa suka rufe. Na daina bin hanyar bayan maƙabarta don kada in gani. Ita kuma ta daina sa atamfar, amma ba ta daina zuwa ba.

Bayan Sallah Alhaji ya dawo, aka gama yi masa barka da sauka, ya sa hannu. Mai manhajar ya kira ni da kansa, murya a sanyaye, ya ce ya cire tauraron ya ambaci gurabe huɗun nan, in gwada. Gwaggo tana gindin darbejiya. Na shigar da lambarta, kafin in ɗaga yatsana bayanin ya fito, layi huɗu na rubutu ba hoto ko ɗaya. Na danna, lamba ta fito, Malam ya rubuta ya ɗauko buhun da kansa ya kai mata har inuwa. A gonar da ke tsallaken hanya gyaɗa ta riga ta yi fure, rawaya ko'ina.

Ta shuka a 'yar ta bayan gida duk da haka, don kada a ce ba ta shuka ba. Sauran yankunan Baba ya lallaɓa ta aka watsa musu wake. Gyaɗar ta yi ganye kyakkyawa, ruwa ya ɗauke kafin ta yi ƙwaya. Da aka tuge, kwanson duk fanko ne, in ka matsa sai ya lotse. Awaki suka samu harawa. Shekarar nan Gwaggo ba ta yi mai ba, ba ta yi ƙuli-ƙuli ba, kuma irin kakata ya ƙare a kwallar suna.

Na zaci za ta yi fushi da ni, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ashe wata rana a bakin shago, ana hira, Malam mai sito ya faɗa wa wani cewa hotunanta ne suka yi yawa shi ya sa nata ya ƙi buɗewa. Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fahimta daga bayanina ke nan. Maganar ta zagaya ta isa kunnenta. Bayan kaka ta aika a kira ni. Na same ta tana tsince waken da aka samu a faifai.

"Ashe ni ce na cika maka wayar," in ji ta. "Kowa ya nuna gona ɗaya, ni na kwashi mutane ina ta yawo da su. Na sa ka wahala a gaban jama'a. Ka yafe mini."

Na durƙusa a gabanta na fara bayani. Na ce ba laifinta ba ne, gaskiya ta faɗa aka tambaye ta, wanda ya rubuta tambayar ne ya ce a kwaso komai alhali abu kaɗan ake so, kuma yanzu an gyara, ko gona ɗari ta nuna zai buɗe. Na zana mata tauraron a ƙasa da yatsa. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka," irin yadda ake ce wa yaro in ya yi ƙoƙarin rufa wa babba asiri. Ta ci gaba da tsince wakenta.

Da rani ya zagayo mutanen Kano suka dawo sabunta rajista. Ina zaune a gefen teburinsu ina kiran layi. Gwaggo ta zo da tsohon zanenta na aikin gida. Ma'aikacin ya tambaye ta gonakinta nawa.

"Ɗaya," in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, ki faɗa duka. Da yawan gona ake auna irin da za a ba ki. In kika ce ɗaya, na ɗaya za ki samu."

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa ma'aikacin, "Ɗaya ce, ta bayan gida. Hoton ma ɗan ƙarami za ka ɗauka, kada ya yi wa ɗana nauyi."

Ma'aikacin ya juyo yana kallona, yana jiran in ce wani abu. Na juya na kira na gaba a layi. Ya rubuta ɗaya.